Daga Cigiya Zuwa "Wanted": Yadda Neman Mutum Ya Sauya a Bakin Iyaka

Kafin zuwan takarda da hoto, neman abin da ya ɓata aikin murya ne. A kasuwannin ƙasar Dendi, daga Gaya har ƙauyukan tsallaken Kwara irin su Toumboutou, kamar sauran wuraren da fataken Hausawa suka zauna, in jaki ya tsinke ko yaro ya ɓace wa uwarsa, wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa ake zuwa, shi kuma ya sa mai shela ya zaga. Yakan fara da sallama, ya ce wane ɗan wane yana cigiya, ya faɗi kamannin abin da inda aka rabu da shi, ya rufe da roƙon duk wanda ya gani ya taimaka don Allah don Annabi. Al'adar tana da gindi a addini, domin malaman Malikiyya sun karantar da cewa wanda ya yi tsintuwa mai daraja sai ya shekara yana cigiyar mai ita.

Abin lura shi ne cigiya ba ta ɓoye mai nema. An san shi, an san wanda ya ba da izini, an san bakin da ya faɗa. In ƙarya ce, akwai wanda za a riƙe.

Kalmar Ingilishi ta "wanted" wata hanya ta biyo. A jaridun Ingila ta daɗe tana buɗe ƙananan tallace-tallace: ana neman kuku, ana neman akawu. Ma'anarta a nan mai daɗi ce, wato akwai gurbi, ana bukatar mutum. Har yau da wannan fuskar ake ganinta a ƙofar shaguna a Sabon Garin Kano. Ɗaya fuskar, ta farautar mai laifi, a Amurka ta yi ƙarfi. Bayan kashe Shugaba Abraham Lincoln a Afrilun 1865, Ma'aikatar Yaƙi ta buga takardar ladan dala 100,000 kan John Wilkes Booth da abokansa biyu, aka manna hotunansu a kai. A 1950 hukumar FBI ta fara jerin mutum goma da ta fi nema. Tsakanin waɗannan shekaru takardar da aka kafe a bango da fuskar ɗan fashi ta zama kayan aikin finafinan kaboyi, kuma ta wannan ƙofa samarin Arewa da yawa suka fara saninta, tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937. Da George Bush ya ce a Satumban 2001 ana neman Usama bin Laden a raye ko a mace, da bakinsa ya ce daga tsofaffin takardun yammacin Amurka ya tuno maganar.

Malanville kuwa, garin Benin da ke fuskantar Gaya a tsallaken Kwara, ba ƙasar Ingilishi ba ce. Sunan ma na Henri Malan ne, gwamnan Faransa a Dahomey (Benin ta yau) wajen 1910, kuma abin da hukuma ke rubutawa a can shi ne "avis de recherche", jiya a hannun jandarma, yau a hannun Police républicaine da aka kafa a 2018. Ingilishi ta ƙasa ya shigo, ta Kamba da sauran garuruwan Kebbi, a bakin direbobi da dillalan albasa da shinkafa, da rediyo, da finafinan Kano. Shi ya sa mutum zai iya rasa karatun boko gaba ɗaya amma ya gane "wanted" in ya gan ta da jan rubutu a saman hoto.

Na ɗan wani lokaci Hausa ta riƙe nata. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, da gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, sun ba sanarwa sabon gida, kuma har gobe gidajen rediyon Hausa na karanta cigiya da tsarinta na asali: sunan mai nema, kamanni, inda za a kai labari. Ga mai laifi kuma akwai magana tamu, a ce ana nemansa ruwa a jallo. 'Yan jarida da ita suke fassara kalmar, kuma ta fi ta zafi.

Rashin tsaro ne ya cika idon jama'a da hotunan. A 2012 rundunar haɗin gwiwa a Maiduguri ta sa naira miliyan 50 kan Abubakar Shekau, a 2013 Amurka ta sa dala miliyan 7. A Nuwamban 2022 Hedikwatar Tsaron Najeriya ta fitar da sunayen mutum 19, ciki har da Bello Turji, da ladan naira miliyan 5 kan kowanne. Waɗannan sanarwa ce ta hukuma, da tambari da lambar waya, kuma ba ni da ja a kansu. Mutanen da aka ƙone wa gari suna da haƙƙin su ga an sa wa masu kashe su farashi.

Damuwata tana kan abin da ya biyo baya. Kalmar, kamar "ana" tamu, ba ta faɗin wa ke nema. Yanzu duk mai waya zai iya ɗaukar hoton wanda yake bi bashi, ko yaron shagon da suka saɓa, ko matar da ta yi yaji, ya ɗora kalmar da jan rubutu ya tura WhatsApp. Mai gani ba ya tambayar wace kotu ce, don siffar takardar ta riga ta yi kama da ta hukuma. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka iso daga dajin W, inda baƙuwar fuska ke sa a yi shiru a rumfar mai shayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saurayin da ya ɗora buhunan albasa daga Toumboutou zai iya sauka a wata kasuwa ya tarar hotonsa ya riga shi, a rufe shi da duka kafin ya buɗe baki.

Dokoki akwai. Najeriya ta yi dokar laifukan intanet a 2015, Benin ta yi nata kundin a 2018, Nijar a 2019, kuma kowacce ta taɓo ɓata suna ko yaɗa ƙarya. Sai dai kowacce a iyakarta take tsayawa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka toshe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, mutane suka koma kwale-kwale, mu'amala tsakanin hukumomin ƙasashen biyu ta yi sanyi. Wanda aka yi wa ƙazafi daga Gaya, yana zaune a Toumboutou, zai kai ƙara Malanville a rubuta masa da Faransanci, amma ɗan sandan da ya rubuta ba shi da ikon taka tsallaken ruwa ya kira wanda ya tura hoton.