Abinci Marar Hatsi ga Ƙananan Nau'in Karnuka: Nazarin Hujjojin da ke Ƙasa

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin binciken da aka wallafa daga 2013 zuwa 2022 don gano ko cire hatsi daga abincin ƙaramin kare yana da amfani. An gano cewa kare lafiyayye ba ya ƙaruwa da komai idan an hana shi hatsi, kuma abin da ake zubawa a madadin hatsin yana ƙarƙashin zargin da ba a wanke shi ba tukuna. Wuri ɗaya aka samu hujja mai ƙarfi, wato karen da likita ya tabbatar jikinsa ba ya karɓar sinadarin gulutin.

Gabatarwa

A 2007 karnuka da kyanwoyi da dama suka mutu a Amurka bayan sun ci abincin da aka haɗa da gulutin ɗin alkama daga Sin, wanda aka gurɓata da sinadarin melamin. Laifin na masu algus ne, amma sunan alkama ne ya ɓaci. A shekarun da suka biyo baya kasuwar abinci marar hatsi ta bunƙasa, ana tallata shi da cewa kare jikan kyarkeci ne, nama kawai cikinsa ya sani.

Kare da sitaci

Binciken da Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka wallafa a mujallar Nature a 2013 ya karya wannan magana. Sun kwatanta ƙwayoyin halittar kare da na kyarkeci, suka ga ƙwayar AMY2B mai sarrafa sinadarin narkar da sitaci kwafi 2 ce a jikin kyarkeci, a jikin kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Dubban shekarun da kare ya yi yana zaune da manoma sun sauya cikinsa. Duk wanda ya ga karen farauta ko na makiyaya yana rayuwa da ragowar tuwon dawa ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Dalili na biyu da masu karnuka ke bayarwa na cire hatsi shi ne ƙaiƙayi da borin jini. Mueller da Olivry da Prélaud sun tattara bayanan karnuka 297 da abinci ke tayar musu da irin wannan matsala, suka wallafa a 2016. Naman sa ne kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, madara 17, kaza 15, alkama 13, masara 4, shinkafa 2. Ke nan mai karen da ke yawan susa, ya cire masara ya bar naman sa, akwai yiwuwar jifa yake yi inda ba tsuntsu.

Batun zuciya

A watan Yulin 2018 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da fara bincike kan alaƙar abincin karnuka da cutar da ake kira DCM, inda tsokar zuciya ke sakewa, ɗakunanta su faɗaɗa, ta kasa tura jini yadda ya kamata. An san cutar da manyan nau'i irin su Doberman da Great Dane, waɗanda ke gadonta. Abin da ya tayar da hankali shi ne ganinta a karnukan da ba su da wannan gado. Rahoton Yunin 2019 ya ƙirga karnuka 560, daga ciki 119 sun mutu. Sama da kashi 90 na abincin da aka ambata ba shi da hatsi, kashi 93 kuma yana ɗauke da dangin wake, musamman koren waken nan fis da adas. Ya zuwa Nuwamban 2022 rahotanni sun kai 1,382, sai hukumar ta ce rahotanni kaɗai ba su isa su tabbatar da cewa abincin ne musabbabi ba.

Wannan taka-tsantsan daidai ne, domin rahoton sa-kai ba gwaji ba ne. Sai dai akwai abin da ke da wuyar kawar da kai. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Kaplan da abokansa sun bi karnuka 24 nau'in Golden Retriever masu cutar, 23 suka samu sauƙi sosai bayan an sauya musu abinci an kuma ba su sinadarin torin. Cutar gado ba ta saba ja da baya haka ba.

Ina ƙananan karnuka a ciki? Yawancin waɗanda aka kawo rahotonsu manya ne da matsakaita, amma akwai ƙanana irin su Shih Tzu. Ga kuma lissafin da ya kamata a lura da shi. Kare mai kilo 3 yana buƙatar kalori kusan 160 a rana idan yana hutawa, wato 53 ga kowane kilo, mai kilo 30 kuwa kusan 900, wato 30 ga kowane kilo. Duk abin da ke cikin buhu, ƙaramin kare ya fi cinsa gwargwadon jikinsa. Bugu da ƙari, ƙananan nau'i irin su Cavalier King Charles Spaniel sun riga sun shahara da lalacewar bawul ɗin zuciya idan sun manyanta. A ganin wannan marubuci, bai dace a ɗora wa irin wannan zuciya kasadar da ba riba a cikinta ba.

Inda cire gulutin ke da amfani

Border Terrier ƙaramin kare ne ɗan asalin iyakar Ingila da Sukotland. Wasu daga cikinsu sukan tashi haka kawai jikinsu ya sandare, ƙafafu na rawa, tafiya ta gagara, ciki na ƙugi, amma idonsu biyu suna kallon mai su, bayan 'yan mintoci abin ya lafa. Lowrie da abokansa sun bi irin waɗannan karnuka 6 a 2015, suka ga sun samu sauƙi da aka cire musu gulutin. Ko a nan ma ba dukkan hatsi ake nufi ba. Gulutin yana cikin alkama da sha'ir da danginsu, babu shi a shinkafa, masara, gero da dawa.

Kammalawa

Hujjojin da ke ƙasa ba su goyi bayan hana ƙaramin kare lafiyayye hatsi ba. Idan ana zargin abinci ne ke damunsa, hanyar tantancewa ita ce gwajin cire abinci na mako 8 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Mai sayen buhu ya karanta jerin kayan haɗi, domin an jera su ne daga mai nauyi zuwa marar nauyi, kuma akan rarraba fis zuwa suna uku ko huɗu, da gari da furotin da dusa, har yawansa ya ɓuya. Wanda karensa ya daɗe a kan irin wannan abinci, kuma ya ga yana tari, yana saurin gajiya ko yana numfashi da ƙyar, ya kai shi a ɗauki hoton zuciyarsa ba tare da jinkiri ba.