Wasiƙa daga Wangsa Maju: Hawainiyar da nake nema

Wannan karon ba daga Ingila nake rubuto muku ba. Ina unguwar Wangsa Maju a Kuala Lumpur, na zo hutu wurin wani abokina da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Gombak. Jiya da dare muna shan shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, sai ya yi mini tambayar da Baba ya sha yi mini: wai me nake nema shekara uku ina lissafi? Na ce hawainiya. Ya yi ta dariya, to amma da gaske nake, sai dai labarin yana da tushe.

Tun kafin 1846 masana suka ga duniyar Yuranus ba ta tafiya yadda dokar Newton ta ƙarfin ja ta tsara, wato ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, yake kuma riƙe duniyoyi a kewayen rana. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya ce akwai wata duniya a ɓoye da ke fizgar ta. Aka duba inda ya nuna, sai ga Naftun. A 1859 ya ga irin wannan saɓani a tafiyar duniyar Makuri, ya sake cewa akwai wata a ɓoye, har aka raɗa mata suna Bulkan. Aka yi ta nema, babu ita. Ashe dokar ce ke buƙatar gyara, kuma Einstein ya gyara ta a 1915. An gwada maganarsa ranar 29 ga Mayu 1919 lokacin kusufin rana, a Brazil da tsibirin Principe da ke tekun kudu da Najeriya. Kusufi ne irin wanda ya rufe Katsina da Gusau a 2006.

To jama'a, a 1998 aka sake zuwa wannan mararraba. Ƙungiyoyi biyu na masana, cikinsu har da Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess, suka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara gudu take yi, alhali ana zaton ƙarfin ja zai rage mata gudu. Wasu suka ce akwai wani ɓoyayyen makamashi da ke turawa, wanda ya kai kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke sararin. Wasu suka ce a'a, dokar Einstein ce ke son gyara.

Masu son gyara suna da babbar matsala. Yawancin gyare-gyaren suna haifar da wani sabon ƙarfi, na biyar bayan huɗun da aka sani, amma a kusa da mu babu alamarsa. A 2003 awon da aka yi da kumbon Cassini ya dace da lissafin Einstein har zuwa kimanin kashi 2 cikin 100,000. Ke nan idan ƙarfin nan yana nan, ɓuya yake yi. Arkady Vainshtein na Tarayyar Sobiyet ya fara nuna wata hanyar ɓuya tun 1972. A 2003 kuma Justin Khoury da Amanda Weltman, 'yar Afirka ta Kudu, suka kawo wadda suka kira hawainiya, don halinta yana sauyawa da muhalli. Inda abubuwa suka cunkushe, kamar nan duniyarmu, tasirin ƙarfin ba ya wuce ɗan taƙi kaɗan. A sarari fetal tsakanin gungun taurari kuwa yana kaiwa nesa. Kamar kiran mutum ne: a tsakiyar kasuwar Kurmi na kusa da kai ma da ƙyar zai ji, amma a daji da tsakar dare sai a jiyo ka daga wani ƙauye.

Gaskiya dai har yau ba a kama ta ba. A 2012 Khoury da kansa da abokan aikinsa suka nuna cewa hawainiya ita kaɗai ba ta isa ta bayyana gudun faɗaɗar ba. A 2015 a Jami'ar Berkeley aka zuƙe iskar wani akwati, aka saki ƙwayoyin zarra kusa da ƙwallon alminiyam, ba a ga ƙarin ja ba. Ranar 17 ga Agusta 2017 kuma aka kama girgizar ƙarfin ja da haske daga karon taurari biyu, tazarar isowarsu daƙiƙa 1.7 kacal bayan tafiyar shekara miliyan 130. Wannan awo ya rushe nazariyoyi da dama da mutane suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kai. Sai dai a 2024 da 2025 binciken DESI ya nuna alamar cewa wataƙila makamashin nan yana raguwa da zamani, abin da ya sake buɗe muhawara.

Abokina ya ce, to idan babu hawainiyar fa? Na ce Le Verrier ɗaya ne ya samo Naftun ya kuma rasa Bulkan, kuma rashin Bulkan ɗin ne ya share wa Einstein hanya. Duk da haka, wani lokaci tunanin yakan hana ni barci, don shekaru na tafiya, iyali kuma suna jira.

A ci gaba da sa ni a addu'a. A gaida su Inna da yara, a ce wa Baba ina nan tafe bayan na miƙa kundina, in Allah ya yarda.

Naku har kullum.