Yadda kanel ya koyi kwafar haruffa da sauri

Duk lokacin da aka buɗe fayil a kwamfuta, sai kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ya karɓi sunan fayil ɗin, ya auna tsawonsa, ya kwafe shi, ya kwatanta shi da sunayen da ke ajiye. Wasu 'yan ƙananan ayyuka ne ke wannan hidima: strlen mai awo, strcmp mai kwatantawa, memcpy mai kwafa. Kowannensu bai wuce 'yan layuka ba, amma kiransu ba ya ƙirguwa, shi ya sa aka shafe shekaru sama da hamsin ana yi musu kwaskwarima.

Tushen wahalar yana cikin yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs da ke Amurka wajajen 1972, aka kuma sake rubuta Unix da shi a 1973. A wannan yare jerin haruffa ba ya ɗauke da bayanin tsawonsa. Sifili ake sakawa a ƙarshe, don haka mai son sanin tsawo dole ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da shi.

Masu ƙera furosesa sun daɗe da sanin haka. Intel 8086 na 1978 ya zo da umarnin kwafa da na laluben harafi, waɗanda ake sa wa REP a gaba su yi ta maimaituwa da kansu. Da su Linus Torvalds ya rubuta ayyukan haruffa na Linux na farko a 1991, cikin yaren asambili na Intel 386. Ba a daɗe ba, a tsakiyar shekarun 1990, aka fara kai Linux kan wasu furosesa irin su Alpha, sai asambilin Intel ya zama ba shi da amfani a can. Daga nan aka samo tsarin da ake bi har yau: akwai rubutu na kowa da kowa cikin C a fayil ɗin lib/string.c, duk nau'in furosesan da ke da nasa mafi sauri sai ya ɗaga alama irin __HAVE_ARCH_STRLEN, a ajiye na gama-gari a ɗauki nasa.

Sai aka shiga zamanin manyan rijista, wato ma'ajiyoyin da ke cikin furosesa: MMX a 1997, SSE a 1999, AVX a 2011. Waɗannan suna ɗibar bayanai da yawa a tashi ɗaya, kuma manhajojin yau da kullum sun ci moriyarsu ta hanyar glibc, wato kundin ayyukan C da suke amfani da shi. Kanel kuwa hannunsa a ɗaure yake. Rijistan ba nasa ba ne, na manhajar da ya katse wa aiki ne. In zai taɓa su, kamar aron ɗakin wani ne: sai ya kwashe kayan mai ɗaki ya adana, in ya gama ya mayar da komai inda ya same shi. Sunan fayil kuwa sau da yawa 'yan haruffa ne, wahalar kwashe kayan ta fi ribar saurin. An taɓa gwada kwafa da MMX don furosesan AMD na da, daga baya aka cire. A ganina wannan taka-tsantsan ya fi duk wata dabara da ke cikin tarihin nan daraja, domin sauri yana da tarko. A 2010 an sauya memcpy na glibc ya riƙa kwafa daga baya zuwa gaba a wasu furosesa, sai sautin manhajar Flash ya lalace, saboda manhajar ta dogara da ɗabi'ar da ba a taɓa yi mata alkawarinta ba.

Kanel ya bi wasu hanyoyi. A 2012 aka shigar da dabarar karanta bayit takwas a lokaci guda cikin rijista ta yau da kullum, a gano ko akwai sifili a ciki da ɗan lissafi. Matsalarta ita ce karatun kan iya zarce ƙarshen shafin ma'adana ya faɗa inda ba a ba da izini ba, don haka aka rubuta load_unaligned_zeropad, wanda ke tare kuskuren ya cike gurbin da sifili. Su ma Intel sun koma sun wasa tsohon umarninsu: Ivy Bridge na 2012 ya hanzarta REP MOVSB, Ice Lake na 2019 ya sa ya yi sauri ko a gajeren kwafi. Da yake kanel guda ne zai hau tsohuwar na'ura da sabuwa, yakan tambayi furosesa abin da ya iya yayin tashi, sannan ya sake rubuta wasu umarnin jikinsa su dace da amsar.

Sababbin furosesa sun tarar da hanya a share. Arm ya sanar da umarni na musamman don memcpy da memset a Armv8.8 cikin 2021. A shekarar ce kuma RISC-V ya amince da ƙarin Zbb, mai umarnin orc.b da ke fito da duk bayit ɗin da yake sifili a bugu ɗaya. Linux 6.3 na 2023 ya zo da strlen da strcmp da strncmp masu amfani da shi, tare da na asambili marar ƙari a gefe don na'urar da ba ta da Zbb.