Hotunan Wasannin Jami'o'in Amurka: Abin da Suka Nuna da Abin da Suka Ɓoye

A farkon ƙarni na 20, kafin rediyo ya shiga gidaje, in za a yi babban wasa a jami'o'in Amurka, bango shi ne sanƙira. Akan manna manyan takardu masu zane, wato fosta, ɗalibai kuma su saya su ƙawata ɗakunansu. Masana tarihin zane sukan danganta fara tallan wasannin jami'a ta wannan hanya ga John E. Sheridan, wanda ya yi karatu a Jami'ar Georgetown ta birnin Washinton. Wajen shekarar 1902 kuma Bristow Adams ya zana jerin irin waɗannan hotuna na jami'o'i daban-daban.

Kyawunsu ya samo asali ne daga yadda ake buga su. Akan zana hoton a bisa faffaɗan dutse, kowane launi da nasa dutsen, saboda haka ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Wannan ya sa mai zane ya taƙaita: saurayi guda, babban harafi guda, launi biyu ko uku. Da ma kowace jami'a tana da launinta: ja na Harvard, shuɗi na Yale, ruwan lemo da baƙi na Princeton. Tun daga nesa mutum ya san ta wa ake yi.

To, amma ba duk abin da ke fili ya hau bango ba. A hoto, ɗan wasa tsaf yake, ba ƙura ba rauni. A fili kuwa, ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, ta zama tamkar yaƙi. A 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a makarantu da jami'o'i, a wannan shekarar ce kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in nan uku fadarsa. A 1906 aka gyara dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka kuma kafa ƙungiyar da ta zama NCAA a 1910.

Don haka, ɗan'uwa ɗalibi, in ka ga irin hotunan nan, yaba gwanintar hannun da ya zana su, don ta cancanci yabo. Sai dai ka tuna mai talla ne ya biya aikin, mai talla kuwa ba ya kushe hajarsa. Hoton shaida ne na yadda jami'o'in suka so a gan su. Sauran labarin sai an tono shi a jaridun zamanin.