Goro, ɓera da duba-gari



Wata gardama ce da aka yi a rumfar Baba ta sa na ɗauko wannan magana. Wani ma'aikacin lafiya ne ya zo mana da takarda a hannu, ya ce lambatun bayan rumfa ya toshe. Gaskiyarsa kuwa, ya toshe. Aka ja shi gefe aka damƙa masa abin da aka damƙa, ya tafi, lambatu yana nan yadda yake. Bayan ya ba da baya sai wani dattijo maƙwabcinmu ya ce ai duba-gari tun zamanin Turawa ba shi da aikin da ya wuce cin tara. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, amma abin ya tsaya mini a rai, don haka na shiga tambaya da 'yan karance-karance iya ƙarfina na wanda iliminsa ya tsaya a sakandare. Sai na tarar ashe labarin duba-gari a Legas yana da hannu da sana'ar gidanmu.

Kafin a dasa goro da yawa a nan kewayen Agege, yawancin goron da ake ci a Arewa daga ƙasar Asante yake fitowa, wato Gana ta yau. Kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar Gwanja da jakuna, daga baya aka koma loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya haura da shi Kano. To a shekarar 1924 annoba ta ɓarke a Kumasi, a cikin shekarar kuma ta ɓulla a tsibirin Legas, a unguwar Oko Awo. Masu binciken tarihin wannan annoba sun danganta shigowarta da wannan hanya ta fataucin goro. Da na fara karanta haka raina bai so ba, na ce kullum dai mu ne. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ajiyar goro ya san yadda ɓera yake son huhu da ganye da danshi.

Cuta ce mai sa zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a hammata ko a matsematsi, ta kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Ba cizon ɓera ke kawo ta ba. Ƙumar da ke jikinsa ce, idan ɓeran ya mutu sai ta koma kan mutum. Wani likita mai suna Yersin ne ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong a 1894, wani Bafaranshe kuma, Simond, ya nuna rawar da ƙuma ke takawa a 1898. A Legas annobar ta yi ta tafiya tana dawowa har 1931, ta ci rayuka sama da 1,800, a lokacin da babu maganin da ake da shi yanzu. Abin da hukuma ta iya kawai shi ne kama ɓeraye, da feshi, da keɓe marar lafiya, da rushe gidaje. Dalilinta ne aka kafa hukumar tsara birnin Legas a 1928, wadda ta share wasu unguwannin talakawa a tsibiri. Kun ga ke nan tsoron da iyayenmu suka gada ba a banza ya samo asali ba. Mutumin da ya zo duba gidanka yana iya zama sanadin raba ka da gidan.

A tsakiyar wannan tashin hankali ne, a 1925, aka naɗa Dakta Isaac Ladipo Oluwole mataimakin babban jami'in lafiya na Legas, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. An haife shi a 1892, ya yi karatun likita a Glasgow ya gama a 1918, daga baya a 1936 ya zama babban jami'in lafiyar garin gaba ɗaya, ya rasu a 1953. Shi ne ya kafa makarantar koyar da tsafta ta farko a Nijeriya, a Yaba, inda aka riƙa horar da waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole, mu kuma muke ce musu duba-gari. Ana koya musu yadda sauro ke hayayyafa, da yadda ake gane naman da ya lalace, da tazarar da ya kamata a bari tsakanin salga da rijiya. A 1932 aka buɗe irinta a Kano. Ashe dai aikin ilimi ne, akwai aji da jarrabawa.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, tana ba mu labarin yadda duba-gari yake shigowa da dogon ludayinsa ya zura cikin randa, ya ɗaga ya kalla a rana. In ya ga tsutsar sauro tana motsi, sai sammaci. Ta ce da an hango hularsa daga bakin layi mata ke rige-rigen tuntsurar da ruwa, ruwan da suka sha wahalar ɗebowa. Abin da ya fi ƙona musu rai kuwa shi ne namiji baƙo ya ratsa har cikin gida inda matan kulle suke. Har ta koma ga Allah ba ta san abin da yake nema a randarta ba, domin babu wanda ya taɓa zama ya yi mata bayani da harshen da take ji.

Abin da yake nema shi ne sauron da ke kawo ciwon shawara, wanda ya fi son ruwa mai tsabta da aka ajiye a tulu ko randa. A nan ma Yaba ta sake shigowa. A 1925 gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa cibiyar binciken wannan ciwo a can. A 1927 mutanenta suka ɗebi jinin wani marar lafiya a Gana mai suna Asibi, suka samu ƙwayar cutar. A shekarar ne ɗaya daga cikinsu, Adrian Stokes, ya kamu ya mutu a Legas. Daga wannan ƙwaya ta jinin Asibi ne Max Theiler ya fitar da allurar rigakafin da ake yi har yau, aka ba shi kyautar Nobel a 1951. Duk wanda ya karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa don tafiya wata ƙasa, to ya ci albarkacin Asibi. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa tana nan a Yaba, ina wuce ta a danfo ban taɓa sanin me ake yi a ciki ba.

Bayan 'yancin kai jami'o'i suka karɓi aikin. A Ibadan an yi Farfesa Adetokunbo Lucas, kuma tun 1963 ake kai ɗaliban likita Igbo-Ora su zauna cikin mutanen karkara. Mu ma muna da namu, Farfesa Umaru Shehu ɗan Borno, wanda ya koyar da wannan fanni a Zariya, ya rasu a 2023.

Amfanin wannan ilimi da idona na gan shi a 2014, ina ƙaramar sakandare. Ranar 20 ga Yuli wani mutum ya sauka a filin jirgin Ikeja daga Laberiya ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma ta rasa ranta. Sai ma'aikata suka bazu gida-gida suna bin duk wanda ya yi cuɗanya da marar lafiya, suna auna zafin jikinsa har kwana 21. Mutum 8 suka mutu a duk ƙasar, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta fita. Mu kuwa a gidanmu, tsakar dare aka tashe mu wankan ruwan gishiri saboda wani saƙon waya daga gida. Har ni na yi.

Na lissafa yaran layinmu da muka gama sakandare tare, babu ko ɗaya da ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, alhali tsohuwar makarantar Oluwole tana nan a Yaba, ta zama kwalejin fasahar lafiya ta jihar Legas. Idan za a yi rigakafi a Zango sai an nemo tafinta. Na gaya wa Baba ina son in je in tambayo yadda ake shiga. Ya daɗe yana jujjuya goro a faifai bai ɗago ba, sannan ya ce to wa zai zauna a rumfa ranar da mota ta sauke kaya. Lambatun dai mun yashe shi ranar Asabar, ni da ƙannena biyu, mun fitar da buhu huɗu na leda da ruɓaɓɓen ganye, da mushen ɓera guda.