Ciwon matsematsi bayan ɗaukar kaya: me ke kawo shi, yaushe ne za a garzaya likita?

A nan Gaya, masu dakon buhunan shinkafa da masara tsakanin bakin kogi, kasuwa da hanyar Kamba, da 'yan kokowa da masu buga ƙwallo, sukan yi kukan ciwo a matsematsi, wato inda cinya ta haɗu da mara. Ga abubuwan da suka fi kawo shi.

Na farko, jijiyar cikin cinya ce ke jan jiki ko ta ɗan yage. Mutum zai ji zafi nan take, musamman idan ya haɗa ƙafafu ko ya taka da ƙarfi, amma ba kumburi mai fita yana komawa. Hutu da rage aiki mai nauyi na wasu makonni kan wadatar.

Na biyu, ƙaba. Idan fatar cikin mara ta yi rauni, yunƙurin ɗaga buhu mai kilo 50 ko 100 na iya tura hanji ya leƙo ta wurin. Alamarta ƙullutu ne da ke fitowa in an tsaya ko an yi tari, ya koma in an kwanta, wani lokaci har ya sauka cikin maraina. Kusan namiji 1 cikin 4 kan gamu da ita a rayuwarsa, mata ma tana kama su. Jiƙo ko ɗaure ciki da ƙyalle ba sa rufe ramin, sai tiyata.

Na uku, kaluluwa. Rauni ko gyambo a ƙafa, irin wanda masu aikin fadamar shinkafa da masunta ke samu, kan sa ta kumbura. Tsakuwar ƙoda ma tana jefa ciwo daga kwiɓi zuwa matsematsi.

To, jama'a, ga inda ba a jira: ƙullutun ya taurare ya ƙi komawa, ga amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida. Hanji ne ya maƙale, kuma yana iya ruɓewa cikin sa'o'i. Haka nan matashin da ɗan marainarsa ya kama ciwo mai tsanani farat ɗaya: watakila murɗewa ya yi, kuma cikin awa 6 na farko ne aka fi cetonsa. Kada a danna da ƙarfi, kada a ba shi abinci, a wuce asibitin gundumar Gaya ko da tsakar dare ne. Kunya ba ta maganin wannan ciwo.