Daga fitsarin goɗiya zuwa kasuwar Roksi: tarihin maganin bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada

Kai mai karatu, wataƙila kana cikin masu kai shanu da raguna ko albasa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ka juyo da goro da atamfa. In haka ne, ka san saƙon nan da ake ba matafiyi a bakin zaure da murya ƙasa-ƙasa: "In ka shiga Ajame, ka samo mini maganin mata." Ba a faɗin ciwon, kai ma kunya ba ta barin ka tambaya. To, yau ɗaya daga cikin ciwukan nan za mu kira da sunansa, mu bi tarihin maganinsa. Iyayenmu mata, ku yi mana afuwa. Ɗiyarku ce ke magana, kuma maganar lafiya ce.

Yawancin mata suna daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. In mace ta yi wata 12 cur ba ta gani ba, an ce al'ada ta ɗauke. Dalili kuwa, ma'ajiyar ƙwai da ke gefen mahaifa ta rage fitar da wani sinadari da likitoci ke kira estirojin. Shi ne ke sa fatar cikin gaba ta yi kauri da laushi da damshi. Kuma a wurin akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo a ƙwarya. Su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin kuma ya hana miyagun ƙwayoyin cuta zama. Da estirojin ya ja baya, sai fatar ta yi siriri ta bushe, ƙwayoyin nan masu amfani su ragu. Daga nan sai ƙaiƙayi, da raɗaɗin fitsari, da yawan zagayawa, da zafi wajen kwanciyar aure, wani lokaci har da ɗan jini. Kusan rabin matan da al'adarsu ta ɗauke suna fama da wani abu daga cikin waɗannan. Zafin jiki da gumin dare da ke zuwa a farko sukan lafa da kansu bayan 'yan shekaru. Bushewa kuwa ba ta lafawa, ƙaruwa take yi.

A ƙasar Hausa ba yau aka fara neman mafita ba. Akwai masu kiran abin ciwon sanyi, su yi ta shan kafso wata da watanni. Akwai masu zama cikin ruwan bagaruwa ko yin matsi da alif, alhali su biyun tsotse damshi suke yi, kamar yadda bagaruwa ke yi wa fata a majema. Mafi muni shi ne yankan gishiri, wanda wanzami ko ungozoma ke yi da aska ko reza in mace ta koka da zafin kwanciya ko wuyar haihuwa. Yankan nan yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, kuma asibitin Babbar Ruga a Katsina da na Danja kusa da Maraɗi sun san matan da ya lalata wa rayuwa.

A Turai ma an daɗe ana lalube. Sunan da ake kiran abin da Faransanci, wato ménopause, wani likitan Faransa ne mai suna Gardan ya fito da shi a littafinsa na 1821. Ka riƙe kalmar, don ita za ka faɗa a asibiti ko farmasi a Abijan. An sa suna, amma sai da aka yi shekara ɗari ba a san abin da ke raguwa a jikin ba. A 1923 wasu masana biyu a Amurka, Edgar Allen da Edward Doisy, suka nuna cewa ruwan ma'ajiyar ƙwai yana ɗauke da wani sinadari mai canza fatar gaban ɓeraye mata. A 1929 Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka tace sinadarin tsantsa daga fitsarin mata masu ciki.

Nan ne makiyayi zai gyara zama. Tara fitsarin mata yana da wuya, ba ya isar masana'anta. Sai aka gano goɗiya mai ciki tana zubar da estirojin mai yawa a fitsarinta. Kamfanin Ayerst na Kanada ya fito da ƙwayar Premarin a 1941, Amurka ta amince da ita a 1942. Sunan ma guntayen kalmomin Turanci ne masu nufin fitsarin goɗiya mai ciki. Aka buɗe gidajen dawaki musamman don tara fitsarin, kiwo ya zama tushen maganin mata miliyoyi.

A wannan zamanin ne Abijan ke tashi. An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga nan a 1904, da sunan za ta kai Nijar. Ta kai Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954, ta tsaya ba ta ga Yamai ba. Turawan mulkin mallaka suka zauna a Filato, baƙar fata kuma aka bar musu Ajame ta arewa da Tireshbil a tsallaken ruwa, wadda za ka ga an rubuta Treichville a jikin mota. An sa mata sunan wani Bafaranshe ne, Treich-Laplène. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, baƙi suka yi ta kwararowa daga arewa, har da Hausawa da Zabarmawa da Fulani, mahauta da masu tireda da fatake. Garba ma, abincin nan na acake da soyayyen kifi da duk Abijan ke ci, daga sunan mutanenmu masu sayar da shi ya samo suna. Matan da suka biyo mazajensu a shekarun nan sun haihu a can, sun tsufa a can. Babban asibitin Tireshbil, wanda ya samo asali tun zamanin Turawa, yau asibitin koyarwa ne mai sashen kula da mata.

Mu koma kan magani. A 1966 wani likita a Amurka, Robert Wilson, ya buga littafi mai suna Feminine Forever, yana cewa ɗaukewar al'ada cuta ce, kowace mace ta sha estirojin har ƙarshen rayuwarta. Mata suka ruɗu, ciniki ya buɗe. A 1975 bincike biyu suka nuna cewa shan estirojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin kansar cikin mahaifa, don yana sa bangonta ya yi ta kauri. Sai aka riƙa haɗa shi da wani sinadarin mai kare mahaifa, kasuwa ta sake tashi. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani babban bincike na gwamnatin Amurka a kan mata sama da dubu 16 masu shan ƙwayar haɗin. An ga ƙarin kansar nono, kamar mace 8 cikin dubu 10 a shekara, da ƙarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Labari ya zaga duniya, mata suka watsar da maganin, likitoci suka ji tsoron rubuta shi.

Ga inda aka yi kuɗin goro. Binciken nan a kan ƙwayar haɗiya aka yi shi, mai bin jini ta zaga jiki duka. Amma akwai wani nau'in daban, na sakawa a gaba: man shafawa, ko 'yar ƙwaya da ake turawa ciki, ko zobe mai laushi da ke zama wata uku. Ƙarfinsa kaɗan ne, aikinsa a wurin yake tsayawa, abin da ke shiga jini ɗan mitsitsi ne. Tun 1993 likitoci biyu, Raz da Stamm, suka nuna cewa man estirojin na sakawa yana rage yawan dawowar ciwon mafitsara ga tsofaffin mata, ƙwayoyin nan masu tsami kuma suna dawowa. Duk da haka, hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi iri ɗaya mai ban tsoro a jikin kwalin na haɗiya da na sakawa. Laifin wani ya shafi wani. Mata da yawa suka karanta takardar suka jefar da maganin da zai taimake su. Sai a hankali aka gyara. A 2022 Ingila ta yarda a sayar da wani nau'in ƙwayar sakawa ga mata masu shekara 50 zuwa sama ba tare da takardar likita ba, bayan mai farmasi ya yi musu tambayoyi. A watan Nuwamba na 2025 hukumar Amurka ta sanar za ta cire wancan gargaɗin.

A Abijan kuwa tarihin ta wajen aljihu ya bi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. Yawancin magunguna daga waje ake shigo da su, farashinsu ya yi sama, talaka ya juya wa farmasi baya. Sayar da magani a tire da kwando ya bunƙasa, kuma cibiyarsa ita ce Roksi a Ajame, wurin da ya ci sunan wani tsohon gidan silima. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin maganin titi na Afirka ta Yamma, mafi yawan masu sayarwar mata ne. Hukuma ta sha kai samame, a 2017 ma an kwashe tan-tan na magani an ƙona, amma kasuwa takan sake ci. A shekarar nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A Janairu 2020 wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka haɗu a Lome suka ɗauki alkawarin tsananta hukunci a kan masu fataucin jabun magani.

Me ya haɗa wannan da saƙon da aka ba ka? Abu uku. Na ɗaya, man da ya kwana ya wuni a rana a kan tire, ko na gaske ne, ƙarfinsa ya tafi. Na biyu, a kasuwa irin wannan man ƙaiƙayi da man bilicin da man mata duk a kwalaye masu kama da juna suke. Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin masu haɗari tun 2015, amma ba su ɓace ba, kuma mai ɗauke da kotizon in an daɗe ana shafa shi a fatar da ta riga ta yi siriri, ƙara cinye ta yake yi. Na uku shi ne mafi nauyi. Mai tire ba ta duba kowa. Duk jinin da mace ta gani bayan al'ada ta ɗauke da shekara, ko ɗigo ɗaya ne, sai an duba ta a asibiti, don yana iya zama alamar farko ta kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa. In aka rufe shi da shafe-shafe wata shida, an ba ciwo lokaci. Araha ba ta ado.

Saboda haka, Alhaji, in Inna ko uwargida ta ba ka saƙon nan, alherin da za ka yi mata shi ne kuɗin mota zuwa wurin ungozomar asibiti ko likitan mata. In a Abijan take zaune, ga babban asibitin Ajame, ga na Tireshbil. In a gida take, asibitin mata mafi kusa ya isa, kuma tana da damar neman mace ta duba ta. In an rubuta takarda, a saya a farmasi mai alamar kore, a duba ranar lalacewa. A ɓangaren Faransanci za ka ji sunaye irin su Colpotrophine da Physiogine, a ɓangaren Ingilishi kuma Ovestin. Waɗannan a masana'anta ake haɗa su, ba daga dabba ba. Man Premarin ne har yau ake yi daga fitsarin goɗiya, mai shakka a kansa ta faɗa wa likita ya canza mata.

Ke kuma Hajiya, ga yadda aka saba amfani da shi. Kullum da dare na kamar mako biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako. Sauƙi yana fara zuwa cikin 'yan makonni, cikakken amfani yana iya kai wata uku. In an daina, bushewar takan dawo, don haka ba magani ne na kwana bakwai ba. Ba ya dawo da al'ada, ba ya sa haihuwa, ba ya hana ta, ba ya maganin gumin dare, kuma ba kayan mata ne na ƙarin sha'awa ba. Wadda ta taɓa yin kansar nono ko ta mahaifa, ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, kada ta fara sai ta yi shawara da likitan da ya san ciwonta. Akwai kuma mayukan sa damshi marasa estirojin a farmasi, ga wadda ba za ta iya amfani da shi ba. A rage wanke ciki da sabulu mai ƙamshi, ruwa zalla daga waje ya wadatar.

Maigida ma yana da nasa rabo. Matar da ta fara guje wa shimfiɗa bayan shekara hamsin, sau da yawa zafi take ji ta rasa bakin faɗa. Wasu gidajen an kai ga zargi da gaba, har da saki, a kan abin da ɗan kwalin mai zai gyara. Kai da ke gane saniyar da ba ta da lafiya tun daga tafiyarta cikin garke ɗari, ba zai gagare ka lura da abokiyar zamanka ta shekara talatin ba. Ka tambaye ta cikin mutunci, ka raka ta asibiti.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wadda ba ta iya karatu ba, ko ya ba ɗiyarta ta karanta mata in kunya ta hana. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya kai matafiya gida lami lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.